Haɗarin Manyan Motocin Dakon Mai a Kudancin Kaduna: Daga Ina Yake Farawa?



An nemi mu yi magana yau a kan abubuwan da ke jawo haɗarin manyan motoci a wuraren da harkar man fetur ta kafu. Mai yiwuwa wani daga cikinku ya ce, to ina ruwan Kaduna da wannan batu, alhali ba ta da rijiyar mai ko guda? Gaskiya ne ba a haƙo mai a Kaduna. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma a bakin hanya a Gonin Gora, ko a Sabon Tasha, ya ƙidaya tankokin da ke wucewa cikin rabin awa, ya san cewa ƙasa tana iya ɗaukar wahalar mai ko da ba a cikinta aka haƙo shi ba. Kudancin Kogin Kaduna shi ne maƙogwaron da mafi yawan man Arewa ke bi kafin ya isa Zariya da Kano da Katsina da Gusau. Abin da muke so mu nuna shi ne, yawancin haɗarin da muke gani a kan kwalta an riga an shirya shi tun motar ba ta bar inda aka yi mata lodi ba.

Bari mu fara da tarihi, domin a cikinsa tushen maganar yake. Tun a zamanin Turawa jirgin ƙasa ne ke ɗauko kaya masu nauyi daga bakin teku zuwa Arewa, har da kananzir da fetur a cikin taragun tanki. Tashar Kaduna Junction, inda layin Ikko ya haɗu da layin Fatakwal, a kudancin kogi take, kuma kusancin layin dogo yana daga cikin abin da ya sa aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, sauran masana'antu suka biyo baya, har zuwa kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. A shekarar 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna a kan hanyar Kachia, wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina. Ta fara da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ɗaga shi zuwa 110,000. Waɗanda suka tsara ta ba su yi nufin a riƙa kawo mata ɗanyen mai a mota ba. Bututu aka shimfiɗa mata tun daga Escravos ta Warri, tafiyar fiye da kilomita 600, sa'an nan aka shimfiɗa wasu daga Kaduna zuwa defo-defo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, don tataccen mai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya isa kusa da masu bukatarsa. Aikin tanka a wancan tsari ɗan gajere ne: daga defo zuwa gidan mai.

Ga ɗan lissafi da kowa zai iya yi a bayan takardarsa. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ganga 110,000 ke nan ta haura lita miliyan 17. In an raba wannan da lita 33,000, watau cikin tanka ɗaya irin ta da, za a sami mota fiye da 500 kowace rana. Wannan shi ne nauyin da bututu guda yake ɗauke wa hanya, cikin shiru, ba direba, ba barci, ba birki.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Jirgin ƙasa ya yi rauni tun daga shekarun 1980. Ɓarayin mai suka addabi bututu da huji, kuma gobarar Jesse ta Jihar Delta a 1998, wadda ta cinye ɗaruruwan rayuka, ta nuna cewa bututun da ba a kula da shi ba shi ma makami ne. Matatar Kaduna ta shafe shekaru da yawa ba ta tace man da aka gina ta dominsa. Asusun daidaita farashin mai da aka kafa a 1975 ya ɓullo da tsarin biyan kuɗin dakon mai a mota daga Kudu zuwa Arewa, a kan cewa na ɗan lokaci ne, har a gama gyara. Na ɗan lokacin nan ya shafe shekaru masu yawa. Aka wayi gari motar da aikinta tafiyar awa biyu ne tana yin kwana uku ko huɗu a hanya daga Ikko ko Warri. Duk abin da za mu ambata nan gaba, na birki ne ko na barci ko na rami, a kan wannan sauyi ya tsiro.

To, mu dubi ita kanta motar. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ne. Tanka mai lita 33,000 tana ɗauke da tan 24 na mai. Mai lita 45,000 tan 33. Mai lita 60,000 kuwa tan 44, ban da nauyin kan motar da na tankin kansa. Da tafiya ta yi nisa, kuɗin hanya ya yi yawa, sai masu motoci suka ga cewa riba tana cikin girman tanki. Aka riƙa kai wa masu walda su ƙera tanki mai tsawo da faɗi, a ɗora shi a kan ƙafafu da birkin da masana'anta ta ƙera don ɗaukar abin da bai kai haka ba. Birkin nan bai san an ƙara masa aiki ba sai ranar da aka taka shi a gangare.

Kaya mai ruwa kuma yana da halin da buhun masara ba shi da shi. Buhu in an ɗaure shi ya zauna. Mai kuwa yana tafiya a cikin tanki. In direba ya taka birki, man ya taho gaba ya tura motar; in ya sha kwana, man ya kwanta gefe guda ya ja ta zuwa can. Mace mai ɗauke da rabin tulun ruwa a ka ta san wannan ilmi fiye da mu, ta san rabin tulu ya fi cikakke wuyar ɗauka. Sabili da haka ake sa shinge-shinge na ƙarfe a cikin tanki don su karya ƙarfin ruwan. Tankin da aka ƙera a bakin hanya, wa ya leƙa cikinsa ya ga ko shingayen suna nan, ko waldarsu ta saki? Ga shi kuma nauyin yana can sama, nesa da ƙasa. Shi ya sa tanka takan kife a kwanar da ƙaramar mota za ta sha ba tare da mai ita ya lura ba, kuma shi ya sa taya ɗaya in ta faɗa rami a gefen kwalta, ko da ana tafiyar hawainiya ne, sai ka ga motar ta kwanta.

Kalmar da aka fi ji bayan kowane haɗari ita ce, birki ne ya tsinke. Ana faɗinta kamar yadda ake cewa an yi tsawa, watau abin da ba hannun mutum a ciki. Alhali kuwa birkin babbar mota da iska yake aiki, kuma yana ba da sanarwa tun da wuri. Mesar iska takan fara yoyo, allurar ma'auni takan nuna iskar ta ragu, fatar birki takan cinye a hankali. Abin da akan yi a hanya, in ƙafa ɗaya ta tirela tana zubar da iska, shi ne a toshe mesarta a ɗaure da roba, a ci gaba da tafiya da sauran ƙafafun, a ce in an isa gida a gyara. In kuma direba ya dogara ga birki kaɗai a doguwar gangara, bai sauko da giya ba, ƙarfen zai yi zafi har ya daina kamawa. Gobarar gadar Otedola a Ikko, ranar 28 ga Yuni 2018, inda motoci fiye da 50 suka ƙone, an danganta ta da birkin tanka da ya ƙi kamawa. Haka batun taya yake. Kowace taya tana ɗauke da lamba huɗu a jikinta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗi a kan tsohuwar taya da ta gwanjo. Amma sabuwar tayar tirela kuɗi ne masu yawa, mota ɗaya kuwa tana da fiye da goma sha biyu. Mai motar da ya yi watanni yana jiran a biya shi kuɗin dako, kamar yadda ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta sha kokawa a zamanin wancan asusu, taya ce abu na farko da zai ce ta ƙara haƙuri.

Yanzu sai direba, wanda kowa ke ɗora wa laifi, kuma sau da yawa ba ya nan ballantana ya kare kansa. Ba mu zo wanke shi ba. Rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, shekara bayan shekara suna sa gudun wuce kima a kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haɗari. Dokar hanya ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwaye, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari, kuma tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Wanda ya taɓa bin bayan tankar da ta sauke kaya tana komawa Kudu ya san matsayin wannan doka a kan kwalta. Abin da direbobi da yawa ba a koya musu ba shi ne, in an ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu.

Amma me ke korar sa? A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Direbobi da yawa abin da ke shiga aljihunsu ya dogara ne ga yawan sawun da suka yi. Mutum zai kwana biyu ko uku a layin defo, yana barcin zomo a ƙarƙashin mota saboda kada a tsallake shi, ba a lissafa masa wannan a cikin aiki. Da an yi masa lodi sai ya kama hanya, don ya rama kwanakin da ya ɓata. Kuɗin hanyar da aka ba shi ƙayyadadde ne, a ciki zai ci abinci, a ciki zai sallami masu shinge, abin da ya rage nasa ne. Kowane dare da ya ƙara a hanya daga aljihunsa ya fita. Goro da shayi mai kauri su ne makaman direban da; na yanzu an kawo masa tiramadol da sauran ƙwayoyi har bakin taga. Ƙwaya kuwa ba ta biyan bashin barci, ɗaga shi kawai take yi zuwa wani lokaci, kuma lokacin yakan zo ne gab da asuba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, wanda shi direban ba zai ma san ya yi ba, mita 50 ke nan ba kowa a sitiyari. In barcin ya fi ƙarfinsa sai ya miƙa wa yaron mota. Ta haka mafi yawan direbobinmu suka koyi tuƙi, da dare, da cikakken lodi, malamin yana barci a baya. Sai mu ce Allah ya yi musu albarka da suka iya, amma wannan ba makaranta ba ce.

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A yammacin Jihar Texas ta Amurka, a yankin rijiyoyin mai da ake kira Permian, akwai hanya mai lamba 285 da ta bi ta garin Pecos, wadda mutanen wurin suka laƙaba wa sunan hanyar mutuwa, saboda yawan motocin dakon yashi da ruwa da ɗanyen mai da suka cika hanyar da aka yi don manoma da makiyaya. Dokar Amurka ta hana direban babbar mota tuƙin fiye da awa 11 sai ya huta awa 10, amma ta yi wa wasu direbobin rijiyoyin mai sassauci, ba a lissafa musu lokacin jira a bakin rijiya a cikin awoyin aiki. Ku lura da kamannin: can ma jira ba aiki ba ne, can ma hanya ƙarama ce kaya ya yi mata yawa. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta komai, a tuhumi kamfani tare da direba. Wannan na ƙarshe shi ne abin koyi a ganinmu, domin muddin direba kaɗai ake kamawa, mai mota zai sami wani direban kafin la'asar.

Sai hanya. Injiniyoyi sun gano tun gwajin da aka yi a Jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 cewa ɓarnar da ƙafar mota ke yi wa kwalta ba daidai take tafiya da nauyi ba. In an ninka nauyin ƙafa sau biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki goma sha shida. Ashe ke nan tankar da aka yi wa lodin wuce kima ita ke haƙa ramin da zai kifar da 'yar'uwarta bayan damina. Ga kuma yadda gari ya cinye hanya. Lokacin da aka gina matata, bayan Sabon Tasha jeji ne da gonaki. Yau daga Television har Mararrabar Rido gidaje ne da kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da masu talla, duka a kan kwaltar da tanka ke bi. Hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda aka yi don manyan motoci su kewaye gari ta yamma, ita ma gari ya rufe ta tun daga Tirkaniya da Kudenda har Kurmin Mashi. Hanyar kewaye ta gabas kuwa, da za ta ɗauke wannan nauyi, ta shafe fiye da shekara ashirin a hannun 'yan kwangila.

Akwai wani haɗarin da motar da ta jawo shi ba ta ko motsi. Wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos da dare ya ga yadda tireloli ke jeruwa a kan kwalta har hanya mai layi biyu ta koma ɗaya. Direba yana bukatar wurin kwana mai tsaro, musamman a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Rijana da Katari, in kuwa ba a tanadar masa fili ba, kwalta ce filinsa. In mota ta lalace a jeji, sai a karyo ganye a zuba a bayanta, ba fitila, ba alama mai ƙyalli, a hazon hunturu. Ƙaramar motar haya da ta taho da fasinja sai dai ta shige ƙarƙashinta.

Faɗuwar tanka daban, gobararta daban. Tankin da ke da murfi da bawul na kirki yana iya kwantawa a gefen hanya bai zubar da lita ɗaya ba. Wanda murfinsa ƙarfe ne kawai da aka ɗaure da waya, da ya kwanta sai mai ya cika kwata. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa, ya tafi nesa ya sami wuta a murhun mai shayi ko a tartsatsin ƙarfe, sa'an nan wutar ta biyo shi ta dawo. A garin Majiya na Jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka fito kwasar mai, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu 2025, a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, a kan wannan hanya tamu ta Abuja zuwa Kaduna, tanka mai lita 60,000 ta kife, aka kawo janareta don a juye man cikin wata, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka tafi. Yana da sauƙi mu da muke zaune a wannan zaure mu ce ganganci ne. Ganganci ne kam. Amma mu tuna cewa an janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma bokiti guda na fetur ya zama kuɗin abincin iyali na kwanaki. Wa'azi shi kaɗai ba zai hana mai yunwa fitowa da bokiti ba. Murfin da ba ya zubarwa shi ne zai hana, da jami'an da za su killace wurin kafin taro ya haɗu.

Mukan ce ƙaddara ce, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai Hausawan da suka koya mana wannan kalma su ne kuma suka ce rigakafi ya fi magani. Kowace tanka da ta kife tana da takardu a aljihun direbanta. Akwai takardar shaidar lafiyar mota daga jami'an VIO. Akwai lasin direba mai ajin manyan motoci. Akwai takardar auna girman tanki. Akwai tsarin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta shimfiɗa na duba tanka a defo kafin a yarda a yi mata lodi. Kowace ɗaya daga cikin takardun nan wani ne ya sa mata hannu, a ofis, a kan tebur, ƙarƙashin fanka, kuma galibi wanda ya yi karatu ne irin namu. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, nan da shekara biyu ko uku, su za a kawo wa fayil ɗin, da ɗan abin goro a tsakanin shafuka, motar kuwa tana can Apapa ba wanda ya gan ta. Wasunku ma sun riga sun fara karɓar irin wannan fayil. Ba mu ce ƙin sa hannu abu ne mai sauƙi ga ƙaramin ma'aikaci da maigidansa ke jira ba.

Bayan abin da ya faru a Dikko, hukumar da ke kula da sufuri da rarraba mai ta hana yi wa tanka mai lita 60,000 lodi daga ranar 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, kuma amfaninsa ya rataya ga mutumin da ke tsaye a bakin famfon lodi da kuma sikelin auna nauyi a kan hanya, wanda in ba ya aiki dokar ta zama ta takarda. Amma rage girman tanki ba ya rage yawan man da Arewa ke sha. In kowace mota ta ɗauki kaɗan, motocin ne za su ƙaru. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a 2024 tana Lekki ne, a bakin teku, nisanta da Kano bai ragu da taku ɗaya ba. An ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaran matatar Kaduna a 2023. An buɗe tashar tsandauri ta kayan jirgin ruwa a Kakuri cikin Janairun 2018, a gefen tsohon layin dogon nan da muka fara da shi. Tambayar da ya kamata ɗaliban injiniya da na tattalin arziki da ke cikinmu su riƙa yi wa duk jami'in da ya zo wannan zaure ita ce, lita nawa ta bi bututun Kaduna zuwa Kano a bara, kuma tarago nawa na mai ya tashi daga Kaduna Junction.

Shugaba, a nan za mu dakata, mu bar sauran lokacin don tambayoyi.